Shinkafar Ganin Tudu

Bombay, 12 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga Baffa Malam Talab, a Mandvi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Niyamat da duk mutanen gida.

Na san yanzu kana juya ambulan kana neman wace ce. Sherbanu ce, 'yar Kasam, wanda ya yi muku kuku a jirgi. Kakanka da kakan Baba wa da ƙani ne, da wannan igiyar nake kiranka Baffa, ko da yake rabona da kai tun ina shekara biyar. Shekara ashirin da shida ban taɓa aiko maka da ko gaisuwar Sallah ba, yau kuma da na tashi rubutowa, da buƙata na zo. Na ga wannan da kaina, ba sai ka faɗa ba.

Mu nan da sauƙi. Maigidana yana aikin jirgi a teku, sai bayan damina. Baba ne ba ya jin daɗi. Ƙafafunsa sun kumbura tun watan jiya, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya hana shi gishiri da tsayuwa. Ya rufe rumfar shayinsa ta kusa da tashar jiragen ruwa, yana kwance yana yi mini gyaran girki daga kan gado.

Ga abin da ya kawo ni. Ina koyar da Turanci a wata makaranta da ke shirya samari don aikin manyan jiragen ƙarfe. Yawancinsu 'ya'yan gaɓarmu ne, sun san ruwa tun kafin su san takalmi, Turanci ne kawai ke kayar da su a jarrabawa. Makaranta ta sa ni in haɗa musu ɗan littafi, kowace kalma da ma'anarta a harshenmu da jimla guda ta misali. Na yi ta tafiya lafiya har na zo kan wata kalma, navigate.

Ma'anarta mutum ya gano inda yake a kan ruwa, ya san inda za shi, ya bi da jirgi har ya isa. Ba tuƙi ba ne. Matuƙi hannu ne kawai, ce masa ake yi dama ko hagu. Turawa kuma sun ɗauko kalmar daga ruwa sun hau tudu da ita. Wanda ya ratsa cunkoson kasuwa ya fita ta inda yake so, da wanda ya bi ofis-ofis har ya samo takardarsa, duk suna faɗa musu ita. Na yi wannan bayani sau uku, samarin nan suna kallona suna hamma. Sai na ce musu, "Kun san Malam Talab na Mandvi? Baffana ne." Nan take aji ya farka. Suka ƙwace labarin daga bakina, kowa yana so shi ya faɗa: yadda guguwa ta same ku kuna dawowa daga Zanzibar, ta fasa kamfas mai nuna alƙibla, ta tafi da kayan awo, kwana goma sha ɗaya ba rana ba tauraro, amma ka kawo mutum goma sha tara gida ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Wani ma ya ce babansa yana bakin gaɓa ranar da aka naɗa maka rawani. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara mance kalmar.

Don haka jimlar da na sa a shafi na arba'in da ɗaya tana cewa, in an juya ta: "Malam Talab ya bi da jirgi daga Zanzibar zuwa Mandvi ba tare da kamfas ba." Izininka nake nema. Ina kuma so ka gaya mini yadda aka yi ka san tudu ya kusa, in ƙara a ƙasa. Na tambayi Baba, tunda yana cikin jirgin, ya ce shi tukunya ya sani, in bar shi ya huta.

'Yarka,
Sherbanu

Mandvi, 3 ga Maris, 1984

Sherbanu 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu da gilashi, don idona na hagu ya tafi, na dama yana shirin bin sa. Innarki Niyamat da kika gaisar ta rasu shekara uku ke nan. Ba laifinki ba ne, ni ne ban aiko muku ba. Ni kaɗai nake a gidan yanzu. Da safe in je bakin kogi wurin masu sassaƙa jirgi, in gaya musu sun yi kuskure, su ba ni shayi in dawo.

Batun ƙafar Kasam ya tsaya mini a rai. A riƙa ɗora masa su a kan matashi. Yana cin abinci? Yana iya tsayawa gaban murhu, ko da kaɗan?

Maganar littafi kuwa, ban yarda ba. Ki cire sunana. Ba na so a buga shi, balle a ce daga gidan Kasam ya fito, ta hannun 'yarsa. Ko'ina sunan nan zai iya shiga, ban da nan. Ki nemi wani malamin jirgin, cikin masu nuna wa jirage hanya, suna nan da yawa a maƙabarta, ba za su yi miki gardama ba. Yadda aka san tudu ya kusa kuma ba maganar takarda ba ce.

Tambaya ɗaya gare ni, tunda ke malamar Turanci ce. Wannan kalma taku, wa ake faɗa wa ita? Wanda aka ɗauka don aikin, littafin hanya da kayan awo suna hannunsa, ko wanda ya san inda tudu yake? In mutum biyu ne daban fa?

Kada ki karanta wa ubanki wannan.

Talab Jusab

Bombay, 19 ga Afrilu, 1984

Baffa,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Inna Niyamat, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Kunyar gaisar da mamaciya ce ta hana ni ɗaukar biro mako uku. Sauran makonnin kuwa fushi ne, ba zan ɓoye maka ba.

Jikin Baba ya ƙi. Kumburin ya hau gwiwa, numfashi yana yi masa wuya in ya miƙe, a zaune yake barci. Murhu kam ya rabu da shi. Ban karanta masa takardarka ba, amma ya ga hatimin Mandvi a ambulan. Ya ce, "Talab ne? Har yanzu rubutunsa kamar kaza ta bi ta kai?" Sai ya juya fuska bango.

Na gane maganarka sarai. Sunan malamin jirgi ba ya fitowa daga gidan kuku. Na yi kwana biyu ina tsara maka amsa mai zafi, har na rubuta rabi, sai na tuna ba ni da bakin yin ta.

Makarantarmu ƙofa biyu gare ta. Rumfar Baba tana daura da babbar. Shekara shida ke nan ina shiga ta ƙaramar, ta bayan wurin zuba shara, don kada ɗalibai su ga na gaishe shi. Kullum shayinsa suke sha, suna kiransa Tsoho, suna ce masa ya daina rowar sukari. Ranar da shugaban makaranta ya tambaye ni sana'ar mahaifina, ce masa na yi harkar jirage. Da Baba ya kwanta, wani ɗalibi ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Malama, ko kin ji inda Tsoho mai shayi ya shiga?" Na ce a buɗe shafi na gaba. Kai kuwa da ban sani ba sai a labari, na ɗauko ka na kafa gaban aji ina ta Baffana, Baffana. To in ka ce ba ka son sunanka a hannun 'yar kuku, ni ce na fara gudun kukun. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ban ma san me ya sa nake gaya wa mutumin da ya raina mu ba.

Tambayarka kuma, na duba manyan ƙamus biyu na makaranta. Babu wanda ya ambaci muƙami ko rawani. Wanda ya gano hanyar shi ya yi aikin, ko wane ne. In makaho ya fitar da mai ido daga kasuwa, makahon ake faɗa wa kalmar. Ban dai ga abin tambaya a nan ba, tunda a jirginku mutum ɗaya ne.

Littafi zai tafi wurin bugawa a ƙarshen Yuni, kuma ban cire jimlar ba. Labarin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Na mutum goma sha tara ne, ɗaya daga cikinsu ubana, kuma ba don kai ba da na zama marainiya ina shekara huɗu. In kana da wani dalili wanda ba asalina ba, ka rubuto kafin lokacin. In na ji shiru, zan ɗauka babu.

'Yar Kasam,
Sherbanu

Mandvi, 9 ga Yuni, 1984, cikin azumi

Sherbanu 'yata,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ni ina nan, gwiwa ce kawai. Allah ya ba Kasam sauƙi, labarin numfashinsa ya hana ni sakewa.

Kin karanta takardata a baibai, amma ni ne na rubuta ta a karkace. Ba gidan Kasam ne bai isa ya ɗauki sunana ba. Sunana ne bai isa ya shiga gidan ba. Ki nemi wuri ki zauna, ba zan iya faɗar wannan sau biyu ba.

Abin da samarinki suka faɗa gaskiya ne har zuwa kwana na goma. Guguwa ta fasa kamfas, ta tafi da akwatin awona, sama ta rufe ruf. Abin da ya rage mini lissafi ne: in dubi gudun kumfa a gefen jirgi, in ƙiyasta tafiyar yini, in rubuta. Lissafina ya ce saura kwana huɗu mu ga tudu. Na faɗa wa nahoda, shugaban jirgin, haka a gaban kowa. Muka bar babban zanen jirgi a buɗe, iska tana tura mu iya ƙarfinta.

A birni kika tashi, don haka bari in gaya miki yadda ake yi a jiragen unguwarmu. Maganar hanya ta malami ce da nahoda. Ma'aikacin da ya tsoma baki a ciki ana cewa ya jawo wa jirgi tsiya, kuma da wuya wani nahoda ya ƙara ɗaukarsa. Sannan in malami ya tabbata saura kwana ɗaya a ga tudu, ba ya shela. Kuku yake raɗa wa, kuku ya dafa shinkafa da mazarƙwaila da man shanu da kanumfari. Ƙamshin shi ne shelar. Da an ji shi kowa ya san aikinsa ba sai an faɗa ba: a rage zane, a sa mutum a goshin jirgi, a fara jefa dalma da igiya ana auna zurfin ruwa.

Rana ta goma da safe Kasam ya kawo mini shayi. Ya durƙusa kamar mai gyara zaman kofi, ya ce a hankali, "Yaya, ruwan guga ya sauya." Kullum shi ke jefa guga ya ɗebo ruwan wanke tukwane, shekara goma sha biyu hannunsa yana cikin ruwan hanyar nan. Ya ce ya ga yashi ya kwanta a gindin guga, ruwan ya yi kore, kuma ya ga macizai biyu suna iyo tun asuba. Kowane malami ya san macizan nan ba sa nisa da gaɓarmu. Ni ma na sani, yana cikin littafin ubana. Amma idona yana kan takarda, kuma na riga na ce huɗu a gaban mutane. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Kasam, ka kula da tukunyarka, shayin nan ma tsararo ne." Aka yi dariya. Ya ɗauki kofin ya tafi.

Bayan la'asar ƙamshi ya tashi.

Mutanen da suka kwana goma ba su yi murmushi ba suka fara waƙa. Wani ya kama hannuna yana sumbata yana kuka. Kafin in buɗe baki an rage zane, an hau goshi. Nahoda ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, haka za ka yi mini? Ka ce huɗu, ashe daɗi kake ɓoye mana." A nan ya kamata in ce ban sa kowa ya dafa komai ba. Na dubi wajen murhu. Kasam yana juya tukunya, ya ba ni baya. Na ce wa nahoda, "So na yi in tabbata tukuna."

Aka jefa dalma, zurfin gaba tara kacal. Ni da nake cewa muna tsakiyar teku. Muka sauke zane gaba ɗaya, muka jefa anka. Da gari ya waye muka ga ruwa yana farfashewa fari fat a kan duwatsu, kusa har muna jin ƙararsa. Da mun ci gaba da gudun da na sa mu, da kafin isha'i mun hau su. Daga nan zuwa Mandvi ba aiki ba ne, gaɓa ce a bi ta.

An tarye mu da ganguna. Mai jirgi ya naɗa mini jan rawani mai bakin zinariya a gaban gari. Ubanki yana can baya yana sauke tukwane, ke kina riƙe da ƙafarsa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsoro ne na yini ɗaya. Tafiya ta gaba muka sake fita tare. Bai ce mini komai ba, ko da ido. Amma sau uku a yini yana miƙo mini kwano, ni kuwa ba na iya ɗaga ido in dube shi. Da muka dawo na ce wa nahoda hannun Kasam ya yi sake da kayan abinci, kuma yana dafa abu ba ya jiran umarni. Kin ga ban yi ƙarya ba, gaskiyar da za ta kashe shi na zaɓa. Magana ta zaga gaɓa. Damina ta wuce, jirage suka fita, babu wanda ya kira shi. Haka kuka tattara kuka tafi Bombay. Ke ƙofar baya kika bi don kada ki gaishe shi. Ni garinsu na raba shi da shi don kada in gan shi, kuma na zauna shekara ashirin da shida ana nuna ni ga baƙi.

Kin ce ƙamus bai san rawani ba. To ki sa sunan wanda ya yi aikin. Rawanin yana cikin akwati, ban ƙara ɗaura shi ba, zan aiko da shi ta gidan waya. Ki karanta wa Kasam wannan, ki ce ina neman gafararsa. Da bakina ba zan iya ba. Bombay ma ban san ta ba sai daga ruwa.

Talab

14 ga Agusta. Takardar nan ta yi wata biyu a cikin littafin ubana. Sau uku ina kai ta gidan waya ina dawowa da ita a aljihu. Na san ranar da kika ce za a buga littafi, na zauna ina kallo ta wuce. Yau zan miƙa ta kafin in sake tunani. In Kasam yana da rai, ki karanta masa. In ba ya nan, kada ki ba ni amsa, zan gane.

Bombay, 27 ga Agusta, 1984

Baffa,

Assalamu alaikum. Ba ta gidan waya na aiko wannan ba, wani ma'aikacin jirgi ɗan garinku da zai tafi gida yau na ba, don ta riga. Lafiyar gida zan faɗa a ƙarshe, ita ce maganar.

Baba yana da rai. Shirunka na wata huɗu na ɗauka raini ne, har na ce da kaina na huta. Ranar Talata takardarka ta iso. A tsaye na fara karanta ta a bakin ƙofa, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Da yamma na karanta masa. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Talab ya tsufa, ya fara haɗa labari. Mazarƙwailar ce ta jiƙe, na ga za ta lalace, na dafa."

Na ce, "Yashin cikin guga fa, Baba?"

"Guga ai ba ya rabuwa da yashi."

"Macizan fa?"

"Ke, makaranta na sa ki don ki zo ki yi mini shari'a?" Ya gyara zama a kan matashi. Can sai ya ce, "Koma mini wajen lissafin nan. Kwana nawa ya ce?"

Na ce huɗu.

Ya ce, "Biyar ya ce. Ko a tuba sai ya rage kwana ɗaya." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Na tashe shi ina bubbuga masa baya, yana dariya ina kuka.

Na tambaye shi ko ya san wanda ya ɓata masa suna. Ya ce tun ranar. Na ce me ya hana shi magana. Ya ce, "Malami nawa gare mu a lokacin? In aka daina yarda da shi, wa zai kai jirage Zanzibar? Shekara ashirin ya yi bayan nan yana kai mutane yana dawo da su, an ce kullum sai ya leƙa guga. Kuku kuwa ko'ina akwai."

Tunda ranar tone-tone ce, na gaya masa maganar ƙaramar ƙofa. Ya ce, "Ai ina hango ki. Hanyar nan taɓo gare ta da damina, shi ne kawai ya dame ni, takalmanki." Baffa, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Littafi kam an buga shi tun Yuli, guda ɗari shida, da sunanka. Ranar Laraba na shiga makaranta ta babbar ƙofa, na wuce ta gaban rumfar da ke rufe. Na tsaya gaban aji na ce Tsoho mai shayi ubana ne, sunansa Kasam, na ba su labarin shinkafa. Ban iya kallon kowa ba. Wanda ya fi kowa yi masa tsiyar sukari ya kifa kai a tebur. Shugaban makaranta ya ce littafi ya riga ya fito, kuma wa zai yarda kuku ya yi wannan. Na ce ni ma ban yarda ba sai da malamin ya rubuto da hannunsa. Muka buga sabuwar jimla a 'yan tsirin takardu, muka dama fulawa, kwana uku ni da ɗalibai muna mannawa. Shafi na arba'in da ɗaya yanzu yana cewa: "Kasam kuku ya gano wa jirgi hanya zuwa Mandvi ba tare da kamfas ba." In an ɗaga shafin a rana ana ganin sunanka a ƙarƙashi. Na kai wa Baba guda. Ya ce shi ba ya karanta Turanci, ya shafa wurin da yatsa ya ce kullun ya yi ruwa, sannan ya tura littafin ƙarƙashin matashi.

Rawani kuma kada ka kai shi gidan waya. Ya ce shi ba ya karɓar neman gafara mai kan sarki. In da gaske kake, ka zo ka sha shayinsa ya ji ko har yanzu tsararo ne.

Yanzu lafiyar gida. Jiya Lahadi na fita kasuwa, na bar shi a kwance, mutumin da ya yi wata biyu ba ya taka ƙasa sai an riƙe shi. Da na dawo, tun daga matakala na ji ƙamshi: man shanu, mazarƙwaila, kanumfari. Na same shi zaune a kujera gaban risho yana juya tukunya, ya ba ni baya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya dafa wannan shinkafar ba, ko da Sallah. Da kafin takardarka ne, da faɗan likita zan yi masa. Amma kai ka koya mini karatunta. Babu wanda ya sa shi.

Na ce, "Baba, me ka gani?"

Ya ce, "Mazarƙwailar ce ta fara jiƙewa."

Ka taso ranar da takardar nan ta same ka. In ka sauka daga jirgin ƙasa kada ka tsaya ƙiyasi. Ka nufi ƙofar tashar jiragen ruwa, ka tambayi duk wanda ka gani, ko ɗan dako ne, ina gidan Kasam mai shayi. Za a kawo ka har ƙofa.

Baba ya sa na ɗebe maka naka a kwano, ya rufe da hannunsa. Ya ce a gaya wa Malam kada ya ce saura kwana biyar.

'Yarka,
Sherbanu